Takalmin Mai Awon Gyaɗa

Keken Maharazu ne jingine a ƙofar gidan Malam Nomau, mahaifin Shatu. Karo na uku ke nan a mako guda.

Hambali ya tsaya ƙarƙashin bishiyar bedi yana kallon keken kamar zai cinna masa wuta da ido. Ya san abin da ake yi a ciki. Anfirmen, wato Maharazu ma’aikacin ɗakin shan magani, ya samu kujera, ya kama wuyan hannun Shatu, yana duban agogo yana ƙidaya. Shi kuwa da ya shekara biyu yana nemanta, sau ɗaya ya taɓa riƙe hannun nan, ranar da ya sa mata zoben azurfa. Da ƙyar zoben ya shiga. Ta yi dariya ta ce, “Shi ke nan ka ɗaure ni. Wannan sai maƙeri.”

Shatu bazawara ce, shekararta ashirin da shida. A Gidan Rumji jiki ba abin kunya ba ne ga mace, sai dai nata ya wuce inda ake yabo. Tumbi ya sauko mata har cinya, cibiya ta ɓullo tana ciwo, in ta yi taku ashirin sai ta nemi bango. Mijinta na fari ya sake ta. Mazan gari sukan saya ƙuli-ƙulinta su yi mata raha, amma ba mai zuwa zance.

Sai Hambali, mai awon gyaɗa a rumfar kamfani. Ranar da ya fara lura da ita, ta zo sayen gyaɗa ne, ta dubi wani buhu ta ce, “Saba’in da bakwai.” Ya ɗora a sikeli, saba’in da bakwai cif. Tun daga ranar bai sake samun sukuni ba.

Shi ma an san shi da abu guda. Masu awo da yawa da ƙafa suke aiki. Su zame takalmi, su sa babban yatsa ƙarƙashin farantin sikeli a bayan riga, su ɗan ɗaga, kilo huɗu na manomi ya tafi. Hambali kuwa kullum cikin wani takalmin soja yake, mai igiya, wanda wansa ya dawo da shi daga aikin sojan Faransa. Manoma daga Gidan Sori sukan wuce sikeli biyu su zo nasa. Kafin su sauke buhu sai sun dubi ƙafarsa.

Duk wannan bai sa Malam Nomau ya sauko ba.

“Ku mutanen Jibiya jiya kuka zo,” in ji tsohon, ranar da Hambali ya durƙusa a zaurensa. “Mu gidanmu na Tibiri tun ba a san Bature ba.”

“Baba, nan aka haife ni.”

“Na sani. Ni na ba ubanka wurin ɗaure jaki.” Ya gyara zama. “Shatu ba yarinya ba ce, ba ni ɗaura mata wanda ba ta so. Amma ba ni sa albarka sai an yi aikin nan. In ta tashi, ta leƙo da kanta ta ga wa da wa ke ƙofa.”

Aikin, Maharazu ne ya kawo zancensa. Akwai wani likitan fiɗa a Maraɗi, Bature, da ya duba Shatu ya ce zai yanke kitsen da ya rataya, ya ɗinke cibiyar. Amma ya kafa sharaɗi. Kilo ɗari da talatin da biyu take. In ba ta sauko ƙasa da ɗari da ashirin ba, ba zai ba ta maganin barci ba, don tana iya ƙin farkawa. Ga shi ƙasa ta samu ’yancin kai, Turawa na ta naɗe kaya. Shi ma in an gama cinikin gyaɗa zai koma gida. Wata uku ke nan ya rage.

Sikelin ɗakin shan magani na jarirai ne. Duk garin ba wanda zai ɗauki Shatu sai na gyaɗa. Maharazu da kansa ya kawo takarda rumfar.

“Kowane wata ka auna ta ka rubuta nan, Malam Hambali. An ce hannunka ba ya ƙarya.” Ya ɗan yi murmushi, yana kaɗe wandonsa fari. “Ka ga fuskar nan tata? Ɓoye take. In aka gama aikin nan, wallahi ba mai gane ta. Sai an yi layi.”

Ya hau kekensa ya tafi. Maganar ta zauna.

Ita ta hana Hambali cin tuwo ranar. Ya yi ta ganin Shatu siririya cikin sabon zane, tana ratsa kasuwa ba ta neman bango, maza na juyowa. Ya ga Gwaggo Tala, ƙanwar Malam Nomau, tana shimfiɗa wa anfirmen tabarma mai kyau. Ai ba ta taɓa ɓoyewa ba, ko’ina faɗa take cewa Maharazu ɗan Tibiri ne, ya yi lakol, makarantar boko, a Yamai, gwamnati ke ciyar da shi. Shekara biyu Hambali yana tsaye a ƙofar da ba mai so. Yanzu za a gyara gidan, a ce ya matsa.

Awon farko da sassafe aka yi, kafin manoma su taru, a bayan jerin buhuna don kada a yi kallo. Gwaggo Tala ce ta rako ta.

Da ya hango tsohuwar, Hambali ya sunkuya ya kwance igiya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ake yi wa surukai. Ba da wata niyya ya yi ba. Gwaggo har ta ɗan saki fuska.

“To, ashe dai an san ladabi a Jibiya.”

Shatu ta hau farantin tana haki, ta ja mayafi ta rufe fuska. Hambali ya tura ƙarfen awo a kan sanda. Ɗari da ashirin da bakwai. Kilo biyar a wata guda. Saura watanni biyu. Za ta kai.

“Nawa?” ta tambaya daga cikin mayafi. “Likita Maharazu ya ce in na rage ko uku ne, zai kawo mini lemo daga Maraɗi.”

Lemo.

Ƙafarsa tsirara tana dab da farantin, rigarsa ta rufe ta. Bai taɓa yi ba, amma ya ga ana yi sau dubu. Su ɗagawa suke. Shi ya ɗora yatsa a kai ya danna.

Sanda ta tashi. Ya sake tura ƙarfen.

“Ɗari da talatin da biyu,” ya ce.

Ta sauko a hankali, kamar mai tsoron farantin zai fashe.

A wata na biyu ya sake tuɓe wa Gwaggo takalmi. Ɗari da ashirin da biyu sikeli ya nuna. Ya danna har yatsan ya yi masa zafi, ya rubuta ɗari da talatin da ɗaya. Ya ce wa kansa ceton ranta yake yi. Wa ya san abin da wuƙar Bature za ta yi? Mutum nawa aka kai Maraɗi ba su dawo ba? Ya faɗa wa kansa haka har ya kusa yarda.

Daga nan Shatu ta daina fitowa. Aka daina jin ƙamshin suyar ƙuli-ƙuli a gidan. Kwana tara ba wanda ya gan ta ko a ƙofa.

A rana ta goma, bayan la’asar, Gwaggo Tala ta aika masa. Ba don tana son sa ba.

“Shiga ka yi mata magana,” ta ce. “Mu mun gaji. Ni dai na ce hannun maƙiya ne, an yi turare an sha rubutu, shiru. Tsaya daga bakin ƙofa, ina nan ina ganin ka.”

Ɗakin duhu. Shatu na zaune a tabarma, ta jingina da gado, kanta ba kitso. Kwanon tuwo na gefe, an rufe, ƙuda na yawo a kai.

“Mai awo,” ta ce. Haka take kiran sa in tana raha, amma yau ba raha a ciki.

“Shatu, mi ke nan kike yi wa kanki?”

“Abin da aka ce in yi. An ce in bar fura, na bari. An ce in bar mai, na bari, ni da ke matse shi da hannuna. Yanzu tuwon ma na bari. Ruwan zafi da zogale.” Ta ja gefen zanenta. “Dubi. Zanen nan da da ƙyar yake haɗuwa. Yanzu yana zagaya ni har da saura. Awarwarona na sauka har gwiwar hannu. Amma in na hau sikeli sai ya ce ƙarya nake. To wa zan yarda da shi? Ko dai kaina ne ya taɓu, Hambali? Ka gaya mini gaskiya, kai ba ka ƙarya.”

Ya dubi ƙasa.

“Zane yakan saki in ya tsufa,” ya ce.

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba ba ta share ba.

“Haka na ce. Ka san ba na barci? In na rufe ido sai in gan ni kwance kan tebur, an sa mini abin nan a hanci, ina jin su suna magana da Faransanci, ina son in ce ban yi barci ba, bakina ya ƙi buɗewa. Sai in tashi zuciyata na duka kamar ana sussuka. In ce na fasa, ba na so. Gari na wayewa kuma in tuna Baturen zai tafi, a bar ni haka har in mutu. Ina tsoron a yi, ina tsoron kada a yi. Mutum ɗaya ya ɗauki tsoro biyu?”

“To ki bar shi! Ki bar aikin nan. Ni haka na gan ki, haka nake son ki. Na taɓa ce miki ki rage ko ƙwaya?”

“Kai ke so na haka.” Ta ɗago. “Ni fa? Shekara uku ban kai goshina ƙasa ba, Hambali. A zaune nake salla kamar tsohuwa. Ba kyau nake nema ba. So nake in yi sujada, in tashi ba wanda ya ja ni.”

Bai san wannan ba. Shekara biyu, bai taɓa tambaya ba.

“Shekaranjiya na fita bayan gidanmu,” ta ci gaba, murya ƙasa-ƙasa don kada Gwaggo ta ji. “Na tsaya bakin rijiya. Na daɗe ina kallon ruwan. Ba abin da na yi niyya. Amma na daɗe.”

Gaskiyar abin da ya yi wa sikeli ta zo masa baki. Kalma huɗu ce ko biyar, ya faɗa a huta. Ya buɗe baki.

Ƙararrawar keke ta yi ƙara a waje.

“Lale da Likita!” Muryar Gwaggo ta canza kamar an zuba mata zuma. “Shigo, shigo, ga kujera.”

Hambali ya ga Shatu ta kai hannu ta gyara ɗankwali. Ƙaramin motsi ne, kowace mace za ta yi in baƙo zai shigo. Shi bai gan shi haka ba.

“Shi ake gyara wa ɗankwali,” ya ce. “Ni na shigo ko motsi ba ki yi ba. Kullum yana nan? Mi yake ce miki in ya riƙe hannun?”

Ta dube shi kamar ba ta taɓa ganin sa ba.

“Ina gaya maka rijiya, kana tambayata keke?”

Ya fita. A tsakar gida suka yi kiciɓis da Maharazu, riƙe da lemo uku a ƙyalle.

“Ba ta ci ba, amma na kawo,” in ji anfirmen. Fuskarsa ba fara’a yau. “Malam Hambali, abin nan ya ɗaure mini kai. Awon ƙarshe ran Litinin ta ƙarshen wata ne. Zan zo da kaina.”

Ran Litinin ba su zo da sassafe ba, don sai da aka nemo amalanke. Shatu ba ta iya tafiyar. Rana ta ɗaga, manoma sun fara layi da buhunansu. Aka sauke ta a bayan rumfa. Gwaggo ta riƙe ta ta dama, Maharazu ya tallafi gwiwar hannunta ta hagu.

Hambali ya ga hannun nan. Jini ya hau masa kai. Ya sunkuya, ya ja igiyar takalmin dama, ta kwance. Ko anfirmen ya zo, sanda zai duba, ba ƙasa ba. Danni ɗaya ya rage. Bature ya tafi, keke ya daina zuwa, ƙofa ta koma tasa shi kaɗai.

Daga sunkuyen ya ɗaga ido. Yau ba ta rufe fuska ba. Leɓɓanta sun tsage, idanun sun faɗa. Ba shi take kallo ba, ba Maharazu ba. Sikelin take kallo, irin kallon da ya san ta yi wa ruwan rijiya.

Ya kuma san lissafin. In ya bar sikeli ya faɗi gaskiya yau, gaskiyar za ta yi yawa. Ba mai sauke kilo sama da goma a wata guda.

Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya ja igiyar, ya ɗaure ta tam, ƙulli biyu. Ya durƙusa da takalminsa.

“Ina kwana, Gwaggo.”

Tsohuwar ta dubi ƙafarsa ta taɓe baki.

“Oho. Yau an girma, ba a tuɓe mana? Dama na ce ladabin aro ne.”

Shatu ta hau. Hambali ya ja da baya taku guda, ya miƙa hannu daga nesa ya tura ƙarfen. Maharazu ya matso ya sa ido a kan sanda.

“Ɗari da goma sha shida,” in ji Hambali.

“Nawa?” Anfirmen ya sake dubawa. “Sha shida! Shatu, kin wuce! Kin wuce da kilo huɗu!”

Gwaggo ta rangaɗa guɗa, manoma suka fara leƙowa ta saman buhuna. Amma Maharazu ya riga ya zaro takardar daga aljihu, murnarsa na raguwa.

“Tsaya. Wancan wata ɗari da talatin da ɗaya. Wannan ba ya yiwuwa.” Ya dubi Hambali, sannan ya ce a hankali, “Wataƙila sikelin ne ya yi tsatsa. Ƙarfe ne, yakan yi.”

Ƙofa ce ya buɗe masa. Hambali ya ji haushin hakan fiye da komai.

“Sikelin lafiya lau yake,” in ji Shatu.

Tana tsaye a kan farantin, idonta a ƙasa. Ɗiyar manomi ce, tun tana goye ake kai gyaɗar gidansu awo. Ta dubi takalmin, ta dubi ƙullin igiya biyu, ta dubi inda gefen farantin yake.

“Sau biyu ka tuɓe wa Gwaggo,” ta ce. “Har na ji daɗi. Na ce ga shi ta fara son ka.”

“Shatu...”

“Nawa ne a watan farko?”

“Mu je gefe in...”

“Nan za ka faɗa. Nawa?”

“Ɗari da ashirin da bakwai.”

“Na biyu?”

“Da ashirin da biyu.”

Wani manomi ya yi salati. Gwaggo Tala ta dafe ƙirji.

“Saura kilo uku ke nan a lokacin,” in ji Shatu. Muryarta ba ta rawa, hawayen ne kawai ke sauka. “Ranar na koma gida na kifa kwanona. Ka zo ka same ni cikin duhu, na tambaye ka ko na haukace. Ka ce zane yakan saki.”

“Tsoro na ji!” Ya ji muryarsa ta fashe a gaban mutane, bai damu ba. “Likita ne ya ce za a yi layi a ƙofarku. Ni wa nake da shi in an yi layi? Baba bai so na, Gwaggo ba ta so na. Da ba mai zuwa, ni na zo. Ni kaɗai na gan ki, Shatu!”

“Ka gan ni,” ta ce. “Shi ya sa ka san inda za ka danna.”

Maharazu ya miƙa mata hannu don ta sauko. Ba ta karɓa ba. Ta sauko da kanta, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya har jirin ya wuce.

“Likita, yaushe mota ke zuwa Maraɗi?”

“Laraba, da hantsi.”

“Ka gaya wa Baturen ina zuwa. Har yanzu ina tsoro, ka gaya masa wannan ma. Gwaggo ce za ta raka ni. Kai kuma ka riƙe lemonka. Ban taɓa ce maka ka biyo layi ba.”

Anfirmen ya sunkuyar da kai.

Hambali ya ji maganar ta shige shi kamar ruwan sanyi, ta kuma ƙone shi. Ashe ba kowa a ƙofar. Wata uku yana faɗa da keke.

“Shatu, in kin dawo...”

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta ɗaga hannun hagu, ta kama zoben azurfan da ta ce sai maƙeri. Ko murɗawa ba ta yi ba. Ya zame ya fito.

Ta sunkuya, abin da da ba ta iyawa, ta ajiye shi a tsakiyar farantin sikeli. Sannan ta dafa kafaɗar Gwaggo suka nufi amalanke.

Manomin da ke gaban layi, wani dattijo daga Gidan Sori da ya shekara biyar ba ya kai gyaɗarsa ko’ina sai nan, ya dubi takalmin Hambali, ya daɗe yana dubawa. Ya ce wa na bayansa, “Kama mini.” Suka ɗaga buhun suka yi rumfar gaba.

Hambali bai gan su ba. Zoben yake kallo, da sandar sikelin da ko motsi ba ta yi ba.